Sun ce sabon kundina ba ni ba ne: na ci gaba ko na ɓata hanya?

Tambaya: Ni mawaƙi ne mai cin gashin kaina, babu kamfani a bayana. Kundina biyu na farko jita ce kawai da murya. A na uku da nake shirin fitarwa na shigo da gangar kwamfuta da fiyano da muryoyi a kan muryoyi. Rubutuna ma ya sauya, amshi ya ragu, ɗangogi sun yi tsawo. Na saki waƙa ɗaya, wasu masoyana suka ce wannan ba ni ba ne. Ga waƙoƙi uku daga cikin goma sha ɗaya na turo, ta biyun ita ce wadda na saki. Don Allah, ci gaba na yi ko ɓata hanya?

Amsa:

Ɗan'uwa, na saurari waƙoƙin nan uku, kowacce sau huɗu: sau biyu a lasifikan situdiyo, sau ɗaya a mota, sau ɗaya a bakin waya ina 'yan aikace-aikace, domin a nan ne yawancin mutane za su ji ka. Na kuma koma na ji tsofaffin kundayenka. Hukuncina shi ne, ta farko ci gaba ce ta gaske. Ta biyu tsohuwar waƙarka ce aka zura wa sabuwar riga, rigar kuma ba ta zauna mata ba. Ta uku ba ta gama nuna ba, amma duk abin da kundin nan zai zama yana cikinta. Masoyanka da suka ce ba kai ba ne suna da gaskiya a kan waƙar da suka ji. Kuskurensu kawai shi ne sun ɗauka jitar suke kewa.

Shekaru fiye da goma sha biyar ina zaune bayan na'urar haɗa sauti, kuma abin da na fi ganin ana cakuɗawa shi ne waƙa da naɗinta. Waƙa ita ce kalmomi da kari, abin da za ka iya rera wa mutum a tsaye ko da babu wutar lantarki. Naɗi shi ne duk abin da aka kewaye ta da shi, daga kayan kiɗa zuwa nisan bakinka da makirufo. Mai sauraro naɗin yake fara ji, don haka a kansa yake yanke hukunci. Amma sauyin da ke ɗorewa a alƙalami yake farawa, sautin ya biyo daga baya.

Dubi Bob Dylan, mawaƙin Amurka. Abin da kowa ke tunawa shi ne ranar 25 ga Yuli, 1965, da ya hau dandamalin bikin Newport a Amurka da jitar lantarki, wasu daga cikin 'yan kallo suka yi masa ihu. Amma shekara guda kafin nan, a 1964, ya fitar da Another Side of Bob Dylan, kundin da ya naɗa a dare ɗaya, shi kaɗai, babu mai ganga babu jitar lantarki, kuma a cikinsa ya riga ya juya baya ga waƙoƙin zanga-zanga da aka san shi da su, ya koma rubuta abin da ke cikin kansa da dogayen ɗangogi masu cike da hotuna. Mutumin ya riga ya tashi tun a kan takarda, lantarkin kawai ya sanar da jama'a. Haka Fela Kuti: ya je Amurka a 1969, ya yi watanni a Los Angeles, ya haɗu da Sandra Smith wadda ta buɗe masa ido da tunanin su Malcolm X. Da ya dawo, abin da yake son faɗa ya fi ƙarfin gajerun waƙoƙin rawa da yake yi a da, sai waƙoƙinsa suka miƙe har ɗaya ta cinye fuska guda ta faifan garmaho. Magana ce ta nemi fili, kiɗan ya ba ta.

Saboda haka gwajin da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin tambayarka mai sauƙi ne. Ina kashe komai, in bar murya da kayan kiɗa ɗaya tal. Idan abin da ya rage zai iya shiga tsohon kundinka ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, to riga ka sauya. Idan kuwa ya ƙi zama a can, ko da jitar nan taka ta da ce ke raka shi, to marubucin ne ya motsa.

Waƙarka ta farko ba za ta taɓa zama a tsofaffin kundayenka ba. A can, sunan abin da kake ji kake kira: kewa, ƙunci, bege, zuciya ta karye. Kalmomi ne na kowa, kuma kana yawan tilasta wa ɗango ya ƙare da kalmar da ƙafiya ke so, ko da ma'anar ba ta so. A wannan kuwa ka ce, “Makullinki na nan a ƙusa inda kika rataye.” Ba ka ambaci kewa ba ko sau ɗaya a baitin, amma na ga ƙofar, na ga ƙusar, na kuma gane cewa mai gidan ya kasa taɓa makullin. Wannan rubutun wanda ya fara yarda da mai sauraronsa ne. Kuma ka lura da abin da ya biyo baya: ɗangon yana da tsawo, yana buƙatar numfashi ɗaya mai nisa, kaɗin jita irin naka mai sara-sara zai daddatsa shi. Fiyanon da ka sa yana yin kamu ɗaya, wato 'yan sautuka da ake dannawa tare, ya riƙe har bugu huɗu, ya bar maka sarari ka shimfiɗa maganar. Ko ka sani ko ba ka sani ba, rubutun ne ya kira fiyanon. A baiti na uku ka saki ƙafiya gaba ɗaya a ɗango biyu na ƙarshe, kunne yana jiran amsa-amo bai samu ba, kuma daidai nan labarin ke cewa ba ta dawo ba. Na mayar da wurin sau uku. Kada kowa ya sa ka gyara shi.

Ta biyun fa? Da na kashe ganga da sauran tarkacen, sai ga tsohon abokina: kamu huɗu na jita da kake jujjuyawa tun kundin farko, baiti, amshi, baiti, amshi. Wannan ba laifi ba ne, waƙa ce mai daɗi. Matsalar ita ce a kan jita ka rubuta ta, hannunka yana ɗan jinkiri yana ɗan sauri yadda maganar ke so, sannan ka ɗauke ta ka aza a kan gangar kwamfuta mai bugu 96 a minti wadda ba ta san uzuri ba. Harshenmu kuma yana da dogon wasali da gajere, ma'ana tana rataye a kansu. A farkon baiti na biyu ka ce “da fari”, kana nufin da farko, amma gangar ba ta ba ka lokacin jan wasalin ba, ka guntule shi, ya fito kamar farin launi kake nufi. Akwai wurare biyar ko shida irin wannan. Mai sauraro ba zai ce maka wasali ya gajarce ba. Zai dai ji kamar kana gudu kana bin motar da ta tashi ta bar ka, sai ya ce ba kai ba ne.

Ga kuma cunkoso. Jita da fiyano da ƙasan muryar namiji duk suna taruwa tsakanin 200 zuwa 500 Hz a ma'aunin kauri da sirantar sauti, kai kuma ka zuba su duka a lokaci guda, kowanne yana taka ɗan'uwansa. Nauyin waƙar ka ɗora shi a kan gumzar 808, wadda yawancin ƙarfinta yana ƙasa da 60 Hz. A situdiyo tana girgiza kujera, a lasifikar waya kuwa babu ita, sai waƙar ta zama gida ba harsashi. Abin dariya, na'urar da aka samo wannan sauti daga gare ta, Roland TR-808, da ta fito a 1980 ba ta yi kasuwa ba, domin makaɗa sun ce ba ta yi kama da gangar gaske ba, cikin 'yan shekaru aka daina ƙera ta. Waɗanda suka ɗaukaka ta daga baya su ne waɗanda suka gina waƙarsu a kanta tun daga tushe. Ba su ɗauko waƙar jita suka jingina mata ba.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina ganin na san inda wannan ya samo asali. Kundayenka biyu na farko jita da murya ne saboda abin da kake da shi ke nan. Rashin kayan aiki shi ne editanka, yana hana ka ƙari, yana tilasta maka ka gyara kalma tunda babu abin da za ka ɓoye ta a bayansa. Yanzu ka samu kwamfuta da manhajar da ke ba ka layukan naɗi ba iyaka, editan ya yi murabus ba ka sani ba. Mawaƙin kamfani yana da masu ce masa a'a har sun yi yawa, wani lokaci su kashe masa abu mai kyau. Mai cin gashin kansa ba shi da ko ɗaya. Shi ne marubuci, shi ne furodusa, shi ne mai biyan kuɗin situdiyo, shi ne kuma alƙali, kuma alƙalin da ya kwana yana ɗora layi na arba'in ba zai yanke hukuncin a goge shi da safe ba.

Na taɓa aiki da wata mawaƙiya da ta kawo mini waƙa mai layi saba'in da wani abu. Muka zauna, na ce duk layin da na kashe ba ta lura ba, ya tafi ke nan. Ta juya wa allon baya, na yi ta kashewa ɗaya bayan ɗaya. Sai da na kashe fiye da rabi kafin ta ɗaga hannu, kuma abin da ta yi kewa wani ɗan tafi ne da ta naɗa da hannunta a ɗakinta. Ta yi fushi da ni na kwana biyu. Waƙar ta fita da layi goma sha tara. Ka nemi mutum ɗaya da zai yi maka haka, wanda kunnensa ya ƙware kuma ba ya tsoron ɓacin ranka. Ko mawaƙin Amurka Bruce Springsteen, da duk ƙungiyar makaɗansa da manyan situdiyoyi a hannunsa, a 1982 ya naɗa waƙoƙi a gida da ƙaramar na'urar kaset mai layi huɗu a matsayin gwaji, ya kai su situdiyo aka gwada da cikakken kiɗa, abin ya ƙi, ƙarshe naɗin gwajin nan aka fitar a matsayin kundin Nebraska. Waƙoƙin sun riga sun faɗi rigar da suke so.

Yanzu ta uku, wadda ta fi ɗaukar hankalina. Ka buɗe ta da murya zalla, ka jera muryoyinka shida ko bakwai a kan juna, ka bi da su ta Auto-Tune, manhajar daidaita murya, har suka yi ƙyalli kamar gilashi. Na san akwai masu ganin wannan manhaja ha'inci ce. Injiniyan da ya ƙirƙiro ta a 1997, Andy Hildebrand, daga aikin nazarin girgizar ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur ya fito, kuma don gyaran kuskure a ɓoye ya yi ta. Mawaƙa ne suka murɗa ta har ƙarshe suka mayar da ita kayan kiɗa. Kai ma a nan kayan kiɗa ka mayar da ita, ba ɓoye rauni kake yi ba, domin waƙar a kan mutumin da ke magana da kansa da dare take, muryoyin nan da yawa kuma duk shi ne. Sauti da jigo sun zama abu ɗaya.

Akwai wanda ya bi irin hanyarka, shi ma daga cin gashin kai ya fara. Justin Vernon, mai amfani da sunan Bon Iver, ya keɓe kansa a wata bukkar mahaifinsa a Wisconsin a hunturun 2006 zuwa 2007, ya naɗa kundinsa na farko da jita da siririyar murya, ya fitar da shi da kansa a 2007 kafin kamfanin Jagjaguwar ya sake fitar da shi a 2008. A 2016 ya fito da 22, A Million, inda aka markaɗa muryar da na'urori har wasu suka ce ba shi ba ne. Amma wanda ya saurara da kyau ya san bai yi tsalle ba. Tun a kundin farko muryoyi yake jerawa a kan juna, kuma a ƙaramin faifan da ya fitar a 2009 akwai waƙa guda da babu komai cikinta sai muryarsa ta cikin Auto-Tune. Ya ajiye wa masu sauraronsa duwatsun tsallake rafi. Kai kuma ka tsaya a wancan gefen kana kiran su, dutsen da ka jefa musu kuma shi ne mafi santsi a cikin ukun.

Abin da ta uku ta rasa shi ne abin kamawa. Na yarda da kai cewa ba kowace waƙa ke buƙatar amshi ba, amma ka tuna aikin da amshi ke yi: shi ne wurin da mai sauraro ke daina bi, ya shiga. Idan ka cire shi, dole wani abu ya riƙa dawowa a madadinsa, ko ɗango ɗaya da ke rufe kowane baiti, ko ɗan gajeren kari na murya ba kalmomi, ko ma shiru a wuri ɗaya kullum. A yanzu baitoci biyar ne suna tafiya ba waiwaye, a na huɗu hankalina ya fara yawo. Kana da ɗangon da ya dace a hannunka, wanda ka rufe baiti na biyu da shi, “Fitilar maƙwabta ma ta mutu.” Mayar da shi ƙarshen na huɗu da na biyar, ka ga yadda ma'anarsa za ta riƙa nauyi duk dawowa. Ka kuma yanke baiti na uku, maimaicin na farko ne da wasu kalmomi.

Sai batun daƙiƙa 48 da ta yi kafin kalmar farko. Spotify, dandalin sauraron waƙa a intanet, ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba ta shiga rabon kuɗin naɗi. Wannan ya sa mawaƙa da yawa ke jefo amshi tun a daƙiƙa goma. Ban ce ka rubuta waƙa don ma'aunin wani kamfani ba. Wadda za ta zauna a tsakiyar kundi tana da 'yancin ta yi shimfiɗa yadda take so. Wadda za ka tura gaba ta yi maka sallama da baƙi ce ya kamata ta buɗe baki da wuri.

Mu koma kan masoyanka. Na ce ba jita suke kewa ba, ga dalilina. A tsofaffin kundayenka bakinka yana dab da makirufo, ana jin jan numfashinka, ana jin ƙarar yatsa a kan tsirkiya idan ka sauya kamu. Mutum yana jin kamar a gefen gadonsa kake zaune. A waƙar da ka saki, ka tura muryar baya, ka lulluɓe ta da amsa-kuwwa mai tsawo, ka goge duk numfashin. Ka tashi daga gefen gadon ka koma ƙarshen wani babban zaure. Kusancin nan shi ne sa hannunka, ya fi jitar zama kai. Rage amsa-kuwwar, dawo da muryar gaba, bar numfashin inda yake, za ka iya sa ganga da fiyano da duk abin da ka ga dama, su kuma gane ka tun a ɗangon farko. Waƙarka ta farko ta riga ta tabbatar da haka, domin babu jita cikinta ko kaɗan amma muryar a bushe take, a kusa.

Wasu za su tafi duk da haka. Akwai mai son kundinka na farko saboda shekarar da ya ji shi da wanda yake tare da shi a lokacin, wannan kuwa babu abin da za ka naɗa ya dawo masa da ita.

Game da jeri, ka yi tunanin kundin kamar faifan garmaho mai fuska biyu. Tun da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, mai ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowace fuska, kunnen mutane ya saba da tafiya mai zango biyu, kuma har yau dabarar tana aiki ko a waya. Buɗe da ta farkon nan, ita ce gada. Ta ukun ta buɗe zango na biyu, lokacin da mai sauraro ya riga ya saki jiki. Sauran takwas ɗin da ban ji ba, yi musu gwajin kashe komai. Duk wadda ta fito irin ta biyu, ko ka mayar mata da jitarta, ko ka sake rubuta ta daga tushe a kan gangar, kana rera kalmomin da bugun tun daga ɗangon farko. Idan tara suka tsira, fitar da tara. Ta biyun da ka riga ka saki kuwa, naɗa ta da jita da murya a zama ɗaya, ka sa ta can kusa da ƙarshe.

Abu ɗaya na takarda, tunda yanzu ba kai kaɗai ke cikin ɗakin ba: haƙƙin waƙa daban, haƙƙin naɗi daban. Idan wani ne ya haɗa maka gangar ko ya ƙirƙiro karin fiyanon nan, ku rubuta kason kowa ku sa hannu kafin kundin ya fita, tun ana dariya.

A waƙa ta uku, wajen minti biyu da daƙiƙa goma, akwai inda babbar muryar ta ɗan tsage a kan kalmar “dare”, manhajar ta yi ƙoƙarin kamo ta ta kasa, sai ta yi wata 'yar rawa kafin ta zauna. Na tabbata ka sa wa wurin alama don ka sake ɗauka. Bar shi. Sauran muryoyin shida ma ka janye su a daidai wannan kalmar, ta tsaya ita kaɗai, sannan su dawo a ɗango na gaba.